Dish Ɗin Usta Ragab

"Ya zo?"

"Bai zo ba!"

Shahata mai guga ya share gumi, ya sake tura dish ɗin zuwa hagu. Daga saman benen tambayarsa kan sauka wurin Umm Nabil da ke tsaye a matakala, ita ta miƙa wa Fathiyya a bakin ƙofa, Fathiyya ta duba talabijin ɗin da aka jawo gaban gadon mijinta. Haka amsa kan hauro, kowane baki ya ƙara mata nasa.

Mijin, Usta Ragab mai gyaran lantarki, shi ya kafa dish ɗin nan tun yana da ƙarfi, ya raba wayoyi ɗaki-ɗaki har ƙasa, kowa a gidan yana kallo daga faranti ɗaya. Bai taɓa barin wani ya taɓa shi ba, balle Shahata, wanda yake cewa ko ƙwan lantarki ya ɗaura sai unguwa ta yi duhu. Yau ga shi kwance, likita ya ce a kai shi gida kawai. 'Yarsa Samah tana Umra. Ta bugo waya ta ce bayan la'asar za ta yi ɗawafi da mayafi ruwan ɗorawa, Baba ya duba tashar Makka. Sai kuma da hantsi akuyar Umm Nabil da ake kiwo a saman benen ta sosa jikinta da dish ɗin, hoto ya ɗauke a duk gidan.

"Ya ce wai ba rigar mutane kake gogewa ba, ka bi a hankali!" Umm Nabil ta ƙwala.

"Ki ce masa in ya isa ya hauro! Ke kuma akuyarki sai na ci ta da Sallah."

"Ya ce ka saita shi da hasumiyar masallaci, sannan ka ɗaga baki kaɗan!"

Shahata ya yi hakan. Tun suna samari shi da Ragab suke tsokanar juna, kuma yana son tsohon nan fiye da yadda zai iya faɗa masa. Ya ji an sallame sallar la'asar a masallacin. Ya ɗaga bakin farantin kamar mai ɗaga murfin tukunya mai zafi.

"Ya zo! Ya zo! Tsaya nan!"

Ya laluba sifana zai ɗaure, sai notin da tsatsa ta gama ci ya rabe biyu a hannunsa. Farantin ya sunkuya.

"Ya tafi! Shahata, me ka yi?"

Ya rungumi dish ɗin da hannu biyu, ya tokare shi da kafaɗa, ya mayar da shi inda yake.

"Ya dawo! Ya ce ka ɗaure ka sauko ku kalla tare."

"Ki ce masa ina zuwa."

Ina zai zo? Da ya saki, shi ke nan. Ƙarfen ya sha rana, yana ƙona masa kunci, kafaɗar ta fara mutuwa. Ta tagogin maƙwabta yana jin ƙaramar muryar tashar tana fitowa daga kowane hawa, don duk gidan sun juya can suna taya neman mayafi ruwan ɗorawa a cikin dubban mutane.

"Ya ce ya gan ta! Wallahi ya ce ga ta can!"

Ko ita ce, ko wata baiwar Allah ce daga wata ƙasa, Shahata bai tambaya ba. Ya yi dariya, hawaye na bin ƙarfen.

"Ki tambaye shi, yanzu wa ya iya aiki?"

Amsa ba ta hauro ba. Ya jira, ya sake tambaya. Can sai ya ji takun silifa a hankali. Umm Nabil ce, wadda ciwon gwiwa ya hana ta hawa saman nan, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, gefen mayafinta a baki.

"Sauko, Shahata. Ya cika."

Shahata ya yi salati a ransa.

"Fathiyya fa?"

"Tana riƙe da hannunsa. Ta kasa ɗauke ido daga talabijin, wai yarinyar ba ta gama zagaye ba."

Ya gyara tsayuwa, ya sauya kafaɗa. Umm Nabil ta dube shi, sannan ta taka a hankali ta zo ta kama ɗaya gefen farantin.