Kuɗin Mota Daga Kura

"Sake karantawa, Malam Bilya, amma ka ɗaga murya. Masu kuɗi ba sa jin raɗa."

Hajiya Fa'iza, shugabar ƙungiyar da ke nema wa asibitin yara taimako, ta sake miƙa masa takardar. Suna tsaye a bayan rumfar da aka kafa a harabar asibitin, baƙi sai shigowa suke yi, ana nuna musu kujeru. Bilya ya ɗora yatsa a kan layin farko.

"'Yata Ummulkhairi ta kwana biyu a gida da sanƙarau, saboda ba ni da kuɗin motar da zan kawo ta daga Kura. Da an kawo ta da wuri, da ba ta kurumce ba."

"Yawwa. Daga nan sai ka ɗan yi shiru, ka bar su su kalli yarinyar."

Taron na yau na neman kuɗin sayen motar ɗaukar marasa lafiya ne, wadda za ta riƙa zagaya Kura da Bunkure da Garun Malam. Da ƙungiyar ta binciki takardun asibiti tana neman wanda zai yi wa baƙi bayani, sai ta ci karo da abin da wata nas ta rubuta bara: uba ya ce babu kuɗin mota. Shi ya faɗa da bakinsa, ranar da nas ɗin ta dube shi ta ce, "Sai yanzu?"

Kuɗin kuwa suna aljihunsa a ranar. Abin da ya faru shi ne, an yi kwana tara ba a saki ruwa a layinsu na noman rani ba, tumatir ya fara sunkuyar da kai. Ranar da aka saki, ranar Saude matarsa ta ce masa wuyan yarinyar ya ƙage. Ya taɓa goshinta, ya ce zafin rana ne, ya aika a sayo farasitamol, ya saɓi fartanya. Kwana biyu layinsu ke da su, ya cinye su tas a gona yana jan ruwa fangali bayan fangali. Tumatir ya yi kyau a shekarar. Da shi ya sayi babur ɗin da yau ya bari a gida don kada a gan shi a kai, suka shigo a bas.

Ya leƙa cikin rumfar. Saude na zaune a layin gaba, Ummulkhairi a kan cinyarta cikin sabon ɗinki, tana bin bakunan mutane da ido. Tun da aka sallamo su, Saude ba ta taɓa ta da maganar ba. Ko da safen nan, da ya ce mata ya haddace takardar, abin da ta ce kawai shi ne, "To, Baban Ummi, Allah ya ba da sa'a."

"Hajiya," in ji shi, "akwai gyara a takardar nan."

"Ina? Sunan ne ba daidai ba?"

"Ina da kuɗin mota. Ban-ruwa na tsaya yi."

Ta sauke wayar da take shirin kai wa kunne, ta dube shi sosai. Bilya ya jira faɗa. Shekara guda ke nan yana jiran wani ya yi masa.

"Wa ya sani?"

"Ni da uwarta."

"To ka saurare ni. Jiya an kawo yara uku daga wajenku, ɗaya a amalanke aka fito da shi titi. Nasu iyayen da gaske ba su da kuɗin motar, amma ba su iya tsayuwa gaban lasifika ba. In ka hau can ka ce tumatir ka tsaya wa, alhazan nan za su ce ai ga irinta, mutanen ƙauye ne ba sa so, su mayar da kuɗinsu aljihu. Tubanka ka kai wa Allah, Malam Bilya. Ni mota nake nema."

"Ƙarya fa zan yi a gaban yarinyar."

"Ita ai ba za ta ji ba."

Tana faɗa ta kawar da kai, kamar ta so ta janye maganar. Amma mai gabatarwa ya riga ya kira sunansa.

Bilya ya hau. Lasifikar ta yi ƙara, aka gyara masa tsayinta. Ya dubi manyan riguna da gyale-gyale, ya dubi takardar, sannan ya karanta ta daga farko har ƙarshe, da murya a ɗage. Inda aka ce ya yi shiru, ya yi, kuma shirun ya fi wanda aka nema tsawo. Wata mata a layi na biyu ta share ido. Wani Alhaji ya miƙe tun ba a kira shi ba, ya ce tayoyi da inji a kansa. Rumfar ta ɗauki tafi.

Ummulkhairi ta waiga ta ga hannaye na haɗuwa, ta ga duk babanta ake kallo. Ta washe baki, ita ma ta shiga tafa masa da ƙarfi.

Saude ba ta ɗago ba. Ta kama hannayen yarinyar a hankali, ta sauke su a kan cinyarta, ta riƙe.