An Goge Muryar Baffa

Sau uku Huseina ta cire wayar akwatin ajiyarta ta sake sokawa, allon kwamfutar bai canja magana ba: babu komai a ciki. Ta nannaɗe ɗan akwatin ajiyar nan da masu kwamfuta ke kira eksitanal a gefen mayafinta, ta tari Keke Napep zuwa shagon Musaddiq mai gyara, a bakin kasuwar Dutse.

Bidiyo arba'in da ɗaya ta ajiye a ciki, duk na Baffa, mahaifinsu. Ta ɗauke su da waya a watanninsa na ƙarshe, yana kishingiɗe a zaurensu na Miga, yana lissafo sunayen shanun da ya yi kiwo, yana yi mata tsiyar cewa boko ya mantar da ita tatsa. Waccan wayar ta daɗe da mutuwa. In ba a akwatin nan ba, babu inda muryarsa ta rage a duniya.

Musaddiq yana ganinsa ya washe baki. "Ai na san wannan, Malama. Ba shi Alhaji Jamilu ya kawo ranar Talata ba?"

"Yayana ne. Aro ya yi, wai zai kwafi takardun ofis."

"To ai ni na yi masa fomatin, na share shi na sake tsara shi. Kwamfutarsa Mak ce, taki Windos. Yadda aka tsara shi da, tasa tana iya buɗewa ta gani, zuba sabon abu ne ba ta iyawa. Yanzu kuwa kowacce kika soka masa zai yi." Ya faɗa da alfaharin wanzamin da ya yi aski babu yanka.

"Abin da ke ciki fa?"

Murmushin ya ɗauke. "Wallahi sai da na ce mu kwashe tukuna, aikin rabin awa ne. Ya ce tarkacen finafinai ne. Na ce to a yi na sama-sama, wanda ko an yi da-na-sani ana iya tono wani abu. Ya ce a'a, mai zurfin yake so. Nan ya zauna har la'asar, sai da ya ga an gama."

Huseina ta nemi benci ta zauna. Yaya Jamilu, mutumin da ko jiran shayi ya huce ba ya iyawa, shi ne ya yi zaman yini a shagon gyara! A ɗaya daga cikin bidiyon, Baffa ya ce ya ba ta gonar fadama kyauta tun yana da rai. Ita ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko da aka sa ranar rabon gado. Baƙin ciki ya rufe ta, irin wanda bare bai isa ya jawo wa mutum ba.

Ta fito bakin titi ta kira shi.

"Yaya, ina wuni. Akwatin da ka dawo min da shi babu komai a ciki."

"Subhanallahi! Kin san kayan Nasara, ba su da tabbas. Ki yi haƙuri, ƙanwata. Kuma dai ai maganar marar lafiya ba hujja ba ce a kan gona, ko malamai..."

"Ni ban ce gona ba, Yaya."

Tana jin fankar ofishinsa tana juyawa.

"Ka riƙe fadamar," in ji ta. "Da ka buɗe baki ka tambaya, wallahi da na bar maka tun ranar bakwai. Ni dariyar Baffa nake kunnawa in na dawo daga makaranta."

"Huseina, ki tsaya ki ji..."

"Nabila takan zo wurina ta ce a kunna mata Kaka. In ta zo ranar Juma'a, zan turo maka ita. 'Yarka ce, kai za ka yi mata bayani."

Ta kashe wayar tun bai amsa ba.