Jiran Rakiya a Hanyar Kaduna

Bakoji ya sake fitowa daga mota, ya leƙa gaban layi, ya dawo yana tsaki. Tun hantsi motoci ke jere a bakin gari suna jiran sojojin rakiya, don ba mai hankalin da zai ratsa dajin Birnin Gwari shi kaɗai. A kujerar baya maƙwabcinsa Malam Mailafiya ke kwance, kansa a cinyar matarsa Hajjo, numfashi na fita da ƙyar. Likita ya ce in ba a kai shi babban asibiti yau ba, sai dai addu'a.

Malam ne ya koya wa Bakoji kimiyya a sakandare, ko da yake abin da ya zauna masa a ka bai wuce bulala da wani maganaɗisu mai jan ƙusa ba. Amma yau ji yake kamar ya ɗauki motar a ka ya ruga da ita.

"Har yanzu?" in ji Hajjo.

"Wai suna hanya, Inna."

Can direban wata babbar motar masara da ke gefensu ya gaji, ya fara ja da baya. Daga inda Malam yake kwance ba ya ganin ƙasa ko itace, sai jikin motar nan yana zamewa ta taga.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. "Mun tashi."

Bakoji ya buɗe baki zai gyara masa, sai suka haɗa ido da Hajjo ta madubi. Ya haɗiye maganar, ya murɗa makulli, mota ta kama rawa a tsaye, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Mun shiga dajin?" Malam ya tambaya.

"Mun shiga, Malam. Hanya lafiya lau."

Malam ya ɗan murmusa. "Ba ka iya ƙarya ba, Bakoji. Amma bar shi. Ko mu ke tafiya ko waccan babbar motar, daga nan inda nake duk ɗaya ne. Na koya muku wannan, kai kana barci."

Daga nan sai kalmar shahada, Hajjo na kama masa.

Da jiniyar sojoji ta taso, direbobi suka ruga motocinsu, na baya suka ishi Bakoji da hon. Hajjo ta riga ta ja mayafinta ta rufe wa Malam fuska.

"Kashe motar, ɗan nan," ta ce.

Motoci suka yi ta kewaye su har titi ya zama wayam. Wata mai tallar gyaɗa ta sauke farantinta kusa da tagar baya, ta ɗaga hannu tana yi wa mamacin addu'a.