Ruwan Wankan Inna

Da Mas'udu mai shago ya buɗe famfo, wata shuɗiyar wuta ta tashi a cikin farin akwatin da ke kafe a bango, sai Barira ta ji tsohon tabon bayanta ya fara ƙaiƙayi. Ta gyara mayafi. Ba ta sosa ba.

"Wanga shi ne babba, Hajiya," in ji Mas'udu. "Ba itace, ba hayaƙi, tukunyar gas kawai. In kika murɗa nan har ƙarshe, kaza ma kina iya figewa da ruwan."

Mijinta Lawali ya yi dariya. Albasa ta yi kyau bana, shi ya sa ya ɗauko ta daga Tsarnawa zuwa Konni ta zaɓi na'urar dumama ruwa da kanta. Tun da ɓarin jikin mahaifiyarsa, Inna Hawa'u, ya shanye, Barira ce ke hura murhu kowace safiya, ta ɗora tukunya, ta yi mata wanka.

"Wancan ƙaramin fa?" Lawali ya tambaya.

"Shi kulle yake tun daga kamfani, Alhaji. Ɗumi kawai, ko jinjiri ba ya ƙonawa. Ko ka yi mishi kuka ba ya ƙarawa."

Barira ta miƙa yatsa ƙarƙashin ruwan babban, ta janye da sauri. Ta san wannan zafin. Lokacin haihuwarta ta fari uwarta ta riga ta rasu, babu gidan da za ta koma wankan jego, sai surukarta ta karɓi aikin. Inna Hawa'u ba ta sirka ruwa. Daga kan wuta take tsoma ganyen darbejiya, ta fyaɗa mata a baya. Da fata ta saɓule, Barira ta roƙa a ƙara ko ƙwarya ɗaya ta ruwan sanyi, tsohuwar ta ce a gaban matan unguwa: "Ɗiyar da ba ta da uwa ba ta zaɓen ruwa." Haka aka yi har arba'in. Fata ta warke. Maganar ce ta ƙi.

Yanzu ga bayan tsohuwar a hannunta kullum, ya yamushe kamar busasshiyar kuɓewa. Barira ta dubi abin murɗawar. Kaɗan za ta ƙara, rana ɗaya tak, a ce kuskuren sabon abu ne. Wa zai tuhumi matar da ke kwashe wa surukarta kashi?

"Babban," ta ce a hankali.

"Na san shi za ki ɗauka," in ji Lawali, fuskarsa a sake. "Inna za ta sa miki albarka. Jiya ma ce mini ta yi ba abin da ya rage mata a duniya sai ruwan zahi. Wai in ya sauka a kafaɗarta, nan ne take jin hannun nan kamar zai motsa. Abinci ba ɗanɗano, barci ba daɗi, sai wankan."

Barira ta tuna yadda tsohuwar ke lumshe ido idan tururi ya rufe ta, tana cewa a ƙara, a ƙara. Ashe abin da take shirin yi mata, kyauta ce. Wanda ya jefa kifi a ruwa don ya nutse, shi ya yi asarar jifa.

"Alhaji, na sake shawara," ta ce. "Fatar tsohuwa ba ta da ƙwari. In hannuna ya kuskure fa? A ba mu mai kullen."

Lawali ya dube ta, ya juya ga mai shago. "Ka ji ko, Mas'udu? Ko ɗiyar cikinta sai haka."

Aka kafa na'urar a bangon waje, jikin makewayi, inda iska ke ratsawa. Washegari da hantsi Barira ta zaunar da Inna a kan kujera, ta tara ruwa a bokiti, ta kwarara mata a kafaɗa. Tsohuwar ta jira. Ta sake jira.

"Barira, ruwan ga bai ji wuta ba."

"Iyakarsa ke nan, Inna."

"Murɗa shi."

"Ba ya murɗuwa. Haka aka ƙera shi, don lafiyarki."

Daga zaure ana jiyo muryar Lawali yana ba maƙwabta labarin tausayin matarsa. Inna ta kamo gefen zanin Barira da hannun da ke motsi, haƙoranta na ɗan kaɗawa.

"To, ko buta guda daga murhu, ɗiyata. Guda ɗai."

"An rushe murhun, Inna. Ɗanki ya ce hayaƙi na ɓata mini ido."

Ta durƙusa, ta ɗauki soso, ta shiga wanke mata ƙafa a tsanake, har tsakanin yatsu.