Hannun Auta a Gefen Allo

Ranar da aka yi wa Baba liyafar ritaya daga tashar ruwa, Yaya ne ya ɗauki bidiyon. Sana'arsa ke nan, ba wanda ya tambaye shi ko yana son zama. A tsaye ya yini da kyamara a kafaɗa. Auta, likitan gidan, ya iso a makare daga garin da yake aiki, aka tashi wani tsohon abokin aikin Baba aka ba shi kujerar hannun dama.

Kafin ya koma, Auta ya leƙo shagon Yaya.

"Yaya, nawa faifan ka yi min mai faɗin nan, garau, wanda ake ganin gashin gira. Talabijin ɗina ba ya karɓar na da."

"Shi ma talabijin ɗin ya yi karatu ke nan."

Auta ya yi dariya, ya ja kujera. Shi ya zaɓi abin da za a sa a shafin buɗewa, wato hoton da ke fara fitowa da kiɗa da maɓallai, yana ta maimaita kansa har sai an danna fim. Ya zaɓi wurin da Baba ya rungume shi. Yaya ya jera maɓallan, ya sa kiɗan, ya buga faifan, ya miƙa masa.

Saura na Baba. Talabijin ɗin Baba tsohon akwati ne mai ƙaton baya, allonsa kusan murabba'i, na'urarsa kuma faifan da kawai take karantawa. Yaya bai sake tsara komai ba. Ya buɗe aikin da ya yi wa Auta, ya canza masa suna, ya rage nauyin hoton. Sai kwamfuta ta yi tambayar da take yi kullum: hoto ya fi allo faɗi, a ƙanƙanta shi duka a bar baƙi sama da ƙasa, ko a yanke gefe da gefe?

Ga masu kawo aiki, ƙanƙantawa yake yi, don kada a ce an cire ƙanwar amarya. Ya dubi Auta a allo, zaune daram a gefen Baba, yana raɗa masa magana a kunne. Ya danna yankewa. Da ya ga rabin fuska ya rage, ya ƙara jan layin kaɗan.

Matarsa ta shigo da kular abinci, ta tsaya a bayansa.

"Abban yara, hannun wa ye wannan yake yawo shi kaɗai da agogo?"

"Allo ne bai isa ba."

"Allo ne, ko? To allon ya san wanda yake ci."

"Ajiye abincin."

"Shafin farkon fa? Ai Autan ne dai a ciki har kunne."

"Idan na taɓa shi sai na sake jera maɓallai. Kuma ƙofa ce kawai. Wa yake zama a bakin ƙofa? Dannawa ɗaya an wuce."

Ya kai faifan gidan Baba da yamma. Baba ya tafi aski, don haka Yaya ya zura shi a na'ura ya fito.

Da ya koma bayan kwana biyu, tun daga tsakar gida ya ji kiɗan. Kiɗan shafin buɗewa ne. Ya ƙare, ya sake farawa. Baba yana kan doguwar kujera, ƙafa a kan matashi. A allo yana rungume Auta, yana bubbuga bayansa. Hoto ya ɗauke, ya sake rungume shi.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yauwa, mai sinima. Aiki ya yi kyau. Gajere ne dai, amma ya yi kyau."

"Baba, ai wannan ba fim ɗin ba ne. Ba ku danna ba."

"Me zan danna? 'Ya'yanka sun kai rimot inda Allah kaɗai ya sani."

"Tun shekaranjiya wannan kuke kallo?"

"Maƙwabta ma sun zo sun gani. Kowa yana cewa yaron ya yi ƙiba."

Yaya ya durƙusa gaban na'urar, ya danna maɓallin jikinta. Fim ya fara. Ga Baba a tsakiyar allo, ya cika shi, hularsa sabuwa. Ga shugaban tashar yana jawabi. A gefe kuma hannu ne da agogo, yana ɗaukar kofi, yana ajiyewa, wani lokaci ya dafa gwiwar Baba.

Baba ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Ina sauransa?"

"Talabijin ɗinku ne ƙarami."

"A na farkon ai ya shiga duka, a wannan talabijin ɗin."

Baba ya dubi Yaya ta saman tabarau, irin duban da yake wa famfo mai yoyo.

"Ni na san fuskata, ba sai an cika min ɗaki da ita ba. Mayar min da wancan."

Yaya ya mayar. Kiɗa ya tashi, Baba ya rungume Auta.

"Tsaya ka ga ƙarshen," in ji Baba. "Kai da ka ɗauka ba ka kalla ba."

Dab da hoton zai ɗauke, Baban da ke allo ya ɗago kai daga kafaɗar Auta, ya dubi kyamara, ya yafito mai riƙe da ita da hannu. Sai baƙi. Sai runguma.

"Ka gani? Tun shekaranjiya nake kiranka a akwatin nan, ko sau ɗaya ba ka zo ba. Kana can bayan ƙarfenka."

"Da na zo, wa zai ɗauka?"

"Oho. Zauna dai."

Yaya ya nemi wuri a ƙasa, gaban kujerar, ya jingina da gwiwar Baba. A allo, hannun Baba ya sake yafito shi. Ya ji tafin Baba a kan kafaɗarsa, da nauyi, yana tura shi gefe.

"Matsa kaɗan, ka tare min Auta."