Da Bakinsa Ya Ce Da Sauƙi

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a ofis, sai ga wani mafarki. Na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama ke ɓullowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya kife laimarsa ya taka. Aikina a can irin na nan ne. Ni ne likitan da kotu ke kira ya duba hankalin mai laifi kafin a zartar masa da hukunci.

Magatakardar kotun akuya ce mai tabarau. Na same ta tana tauna gefen wani fayil.

"Likita, ka makara," in ji ta. "Gobe za a rataye Ɗantala. Amma doka ta hana rataye mai taɓin hankali. Sai ya warke."

"In ya warke fa?"

"Sai a rataye shi."

"In bai warke ba?"

"Sai a ƙara masa magani. Mu nan muna da tausayi."

Ta miƙo mini mudu, wai da shi ake awon hankali a garin.

Sai ga ni a ɗakin kurkuku, akuyar na bayana da biro a baki. Ɗantala mai gyaran rediyo ne, dattijo ramamme. Wata rediyo marar batir ce ta shekara uku tana masa magana, har ranar da ta ce masa maƙwabcinsa Haladu ba Haladu ba ne, ya ɗauki guduma. Haladu ya bar 'ya'ya huɗu. Ban manta da su ba, ba na kuma so a manta.

Hankalin Ɗantala ya tashi tun tuni, hankalin na can manne da silin kamar jemage. Na taka kujera da muduna, ban kai ba. Na sauko na zauna.

Ina da tambayoyi arba'in da na koyo a makaranta, amma tarbiyyar gida ta riga su zuwa bakina.

"Sannu, Malam Ɗantala. Yaya jiki?"

Ya gyara zama, ya dafa ƙirji. "Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi."

Na ji ƙarar biro a bayana.

Sai ga mu a kotu. Alƙalin bunsuru ne, yana zaune a kan rufin kwano saboda kada ruwa ya jiƙa masa riga. Akuya ta karanta: "Ya warke. Da bakinsa ya ce da sauƙi, a gaban likita."

Na yi wuf na miƙe. "Allah ya gafarta malam, gaisuwa ce fa! Mahaifina da sauƙi ya ce mini, ko ruwan alwalata bai bushe ba ya cika. A wajenmu ko ranga-ranga aka ɗauko mutum, da sauƙi zai ce."

"Wato ƙarya kuke yi wa juna?"

"Ladabi ne. Ba ya son ya tayar mini da hankali."

Alƙali ya juya fom gaba da baya, ya sunsuna shi. "Babu gurbin ladabi a nan. E ko a'a ne."

Aka shigo da igiya a kan faranti. Ɗantala ya shafa ta, fuskarsa ta washe.

"Likita, ai igiyar guga ce mai kyau. Ta Haladu ta tsinke tun bara. Don Allah a ajiye masa, in ya dawo daga kasuwa zai ji daɗi."

Tausayinsa ya cika ni, da haushin kaina, don da bakina na haƙa masa ramin. Na yi kuka, hawayena suka hau sama suka ɗiga a gemun alƙali. Ya goge su da hannun riga. Akuya ta ɗaga tambari sama, ta sauke.

Kwaram!

Ashe ƙofar ofis ce iska ta buga. Fayil ɗin da nake karantawa yana kife a ƙirjina. Sunan mutumin ba Ɗantala ba ne, amma gobe da ƙarfe tara zan je in gan shi, kuma na san kaina, sai na gaishe shi. Na jawo takardar rahoto. Kafin suna, kafin kwanan wata, na rubuta a sama: In ya ce da sauƙi, gaisuwa ce.