Ranar da Baba Ya Sauke Kaya

Shekara arba'in da ɗaya Babanmu ya yi yana dako a babbar kasuwa. Tun ina ƙarama nake jin yana cewa in Allah ya nufa ya ajiye gammo, zai taka hanyar ziyara da ƙafarsa, kwana goma sha biyu, har wurin ibadar da ke kan dutse. Da lokacin ya yi, ni 'yar auta aka haɗa shi da ni, wai ni kaɗai ce bakina ya kai nasa. Likita ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: kada Baba ya ɗauki abin da ya fi gorar ruwa nauyi. Ya ce ƙashin bayan ya riga ya gaji, in ya sake motsawa tafiya ta ƙare, sai dai a ƙarasa da shi a mota. Baba kuwa ya rantse cewa da ƙafarsa zai shiga ƙofar wurin ibadar nan.

An yi sa'a akwai tsari a hanyar. Kowace safiya kafin ƙarfe takwas, matafiyi zai ajiye jakarsa a bakin ƙofar masauki, ya rubuta sunan masaukin gaba a ɗan kati, ya ɗaura a hannun jakar. Direba ya zo da farar motarsa ya kwashe, kafin ka iso da yamma kayanka suna can suna jiranka. Na yi wa Baba bayani yana kaɗa ƙafa.

"Wato ina da ƙafa ina da wuya, wani ya ɗaukar mini kaya?"

"Aikinsa ne, Baba."

"Ni ma ai aikina ne."

"A da ba," na ce.

Ya sha mur. Amma washegari da kansa ya sauko da jakarsa, ya jera ta cikin sauran. Har waya na yi wa yayata ina cika baki cewa na shawo kan tsoho.

Kwanakin farko sun yi daɗi ba kaɗan ba. Muna ratsa gonaki da ƙananan garuruwa, Baba yana gaba yana zuba hira. Duk wanda ya zo wucewa da jaka a baya, kallo ɗaya zai yi masa ya faɗi nauyinta, kuma bai taɓa kuskurewa ba, har abokan tafiya suka sa masa Baba Sikeli. Ya gyara wa wannan maɗauri, ya koya wa waccan yadda ake hawa tudu ba a ƙure numfashi ba. Rabon da in ga yana dariya haka har na manta.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Baba ya yi tumbi. Mutumin da duk rayuwarsa kamar sanda yake, cikin kwana biyu ya cika babbar rigarsa, kuma ko ana zafi ba ya cire ta. Na ce abincin masauki ne ya karɓe shi, har ina yi masa tsiya. A kwana na huɗu ya fara zama na baya, yana dafe kugu in ya ga ba na kallo. Na tambaya ya ce lafiya lau. Hankalina ya tashi, don na san manyan tudun suna gaba.

Safiyar kwana na biyar muna shan shayi sai ga direban ya shigo, wani dogo mai furfura a gemu. Ya rusuna ya gaida Baba, sannan ya ɗaga jakar da ɗan yatsa ɗaya.

"Baba, wannan taka ce?"

"Tawa ce."

"Kwana huɗu ke nan ina ɗaukar iska ina kai ta masauki."

Na dubi jakar, na dubi tumbin. Na kai hannu na taɓa, sai na ji dunduniyar takalmi. Baba ya yi tsuru-tsuru. Da aka ɗaga rigar, ga bargo an naɗe shi a kugu, a ciki akwai takalma, tocila, rediyo, sabulu da kaya kala biyu, an raba nauyin gaba da baya, an ɗaure tsaf yadda ko motsi ba ya yi. Ɗakin ya kaure da dariya. Ni kam raina ya ɓaci har hawaye suka zo mini, don na ga tafiyar da ya yi shekaru yana buri tana neman suɓucewa a kan tsohuwar rediyo.

Na buɗe baki zan fara, direban ya ɗaga mini hannu. Ya jawo kujera ya zauna kusa da Baba.

"An ce mini kai ma ɗan sana'a ne. A duk shekarun da ka yi, an taɓa ɗora maka buhu babu komai a ciki, mai kaya ya zagaya ta baya da kayansa?"

Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Da wanda ya yi mini haka, ni da shi har abada," ya ce a hankali.

"To ka gani."

"Na ci zarafinka, ɗana, ka yafe mini. Ba rashin yarda ba ne. Ni dai ban san yadda ake tafiya ba kaya ba."

Ya kwance bargon, ya shirya komai a jakar. Sai da ya bi direban har mota, ya leƙa yadda aka jera jakunkuna, ya ja igiyar ya ji ƙarfinta.

"Wa ya koya maka wannan ɗauri?"

"Mahaifina."

"Allah ya yi masa albarka, ya san aiki."

Sannan ya miƙa masa jakar da hannu biyu.

Ranar nan tafiyar Baba abin kallo ce. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya goya su a baya, ya zuba su a aljihu, ya sake su suna lilo. Yana ta ƙorafi wai iska za ta ɗauke shi. Amma zuwa kwana na bakwai ya daina dafe kugu, ya koma gabanmu yana ba da umarni.

A kwana na goma sha biyu, muna tsakiyar hawan ƙarshe, ƙofar wurin ibadar tana hange, sai Baba ya tsaya cak. Na ruga na riƙe shi.

"Bayan ne, Baba?"

Ya girgiza kai. Fuskarsa na sama, yana kallon wasu tsuntsaye da ke shawagi a kan dutsen, hawaye na bin gemunsa.

"Auta, na san kowane rami da ke cikin kasuwar nan, na san takalmin kowa. Mai kaya a ka, ƙasa kawai yake kallo." Ya share ido da hannun riga, ya yi dariya. "Ashe haka sauran mutane suke ganin duniya kullum?"

Ya zare hannunsa daga nawa, ya miƙe sosai, ya riga ni shiga ƙofar.